Fashin baƙi: In tsohon katun yana YouTube, me kuma ake cewa za a ceto?

Ranar 1 ga Janairun 2024 haƙƙin mallakar fim ɗin Steamboat Willie ya ƙare a Amurka. Shi ne ɗan gajeren katun na baƙi-da-fari da aka fara haskawa a birnin New York ranar 18 ga Nuwamban 1928, wanda ya fito da Mickey Mouse idon duniya. Kafin gari ya waye an cika intanet da shi, wasu sun shafa masa launi, wasu sun sa na'ura ta goge shi har yana ƙyalli, kowa yana rubuta cewa nasa ne "gyararre". Dokar Amurka tana ba irin waɗannan ayyuka kariyar shekara 95, don haka kowace sabuwar shekara wani rukunin yake fita: na 1929 a 2025, na 1930 a 2026.

To ga tambayar da mutane da yawa suke yi, kuma tana da ma'ana: tunda fim ɗin yana cikin wayar kowa, me ya sa gidajen adana fina-finai suke ta kukan cewa tsofaffin katun suna ɓacewa? Wannan mai launi da muke gani, ba shi ne gyaran ba?

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne ƙarewar haƙƙin mallaka. Wannan maganar shari'a ce kawai. Tana nufin kowa yana iya kwafar fim ɗin, ya nuna shi, ya gina sabon aiki a kansa ba tare da neman izini ba. Ba ta shafi lafiyar fim ɗin ba ko kaɗan. Ko a shari'ar ma akwai iyaka: Mickey na 1928 ne ya fita a 2024, ba na baya-bayan nan ba, kamfanin Disney yana nan riƙe da tambarin kasuwancinsa, kuma kowace ƙasa da tata dokar.

Na biyu shi ne adanawa, wato tsare ainihin zaren fim ɗin daga ruɓewa da yin kwafinsa a kan abin da zai daɗe. Na uku shi ne maidowa: a tattaro abin da ya rage daga wurare daban-daban, a mayar da fim ɗin kamar yadda masu kallo suka gan shi ranar da ya fito.

Abin da yake yawo a YouTube sau da yawa ba ko ɗaya daga cikin biyun ƙarshe ba ne. Kwafin kwafi ne, an ɗauko daga kaset, shi ma daga wani zaren da talabijin ta gutsure, fuskoki sun narke, gefen hoto ya tafi. Kuma wannan ma na waɗanda suka yi sa'a ne. Akwai ɗaruruwan da ba wanda zai iya ɗorawa, domin babu su.

Yadda suka ɓace

Daga farkon sinima har zuwa wajen 1951, zaren fim mai faɗin milimita 35 da ake haskawa a gidajen kallo da sinadarin naitiret ake yin sa, dangin abin da ake haɗa nakiya da shi. Hotonsa babu kamarsa, baƙinsa baƙi ƙirin, farinsa fari fat. Sai dai in ya kama wuta ruwa ba ya kashe ta, don shi da kansa yake samar da iskar da wutar take ci. In bai ƙone ba kuma sai ya ruɓe a hankali cikin gwangwaninsa: ya yi danƙo, ya manne wa juna, ya yi kumfa, daga ƙarshe ya koma gari mai wari. Wanda ya gaje shi, zaren asitet, ba ya tashin gobara, amma yana da tasa cutar. In zafi da laima suka same shi sai ya fara warin tsami irin na ruwan khal, ya tsuke, ya kanannaɗe.

Ranar 9 ga Yulin 1937, cikin tsananin zafin bazara, rumbun kamfanin Fox da ke Little Ferry a jihar New Jersey ya kama da wuta, faifan fim sama da 40,000 suka tafi. A Ajantina, Quirino Cristiani ya yi El Apóstol a 1917, wanda masana da yawa suke ɗauka a matsayin dogon fim na zane mai motsi na farko a duniya, yana zolayar shugaban ƙasar na lokacin, Hipólito Yrigoyen. Gobara ta cinye shi a 1926. A Japan girgizar ƙasar Kanto ta 1923 ta lalata yawancin katun na farko da ƙasar ta yi.

Amma ni a ganina gobara ba ita ce babbar mai laifi ba. Raini ne. Katun a wancan zamani ɗan share fage ne da ake sakawa kafin babban fim, ya yi makonninsa ya wuce. Da fim mai magana ya zo a ƙarshen shekarun 1920, kamfanoni suka ga marar magana ya zama kaya a kansu: yana cin wuri, yana da haɗari, ba mai biyan kuɗi ya kalla. Sai aka riƙa narka su don a tace azurfar da ke jikinsu. Kamfanin Universal ya lalata mafi yawan fina-finansa marasa magana da gangan a 1948. Hatta faranten roba masu haske da masu zane suke zana kowane motsi a kai, wanke su ake yi a sake amfani da su. Wani bincike da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan ƙasar marasa magana sun ɓace gaba ɗaya, alhali su ne waɗanda aka fi ji da su.

Zomon da aka tsinto gutsure-gutsure

Kafin Mickey akwai Oswald, wani zomo mai dogon kunne da Walt Disney da abokin aikinsa Ub Iwerks suka riƙa zanawa daga 1927, Universal tana rarrabawa. A 1928 Disney ya gane cewa zomon ba nasa ba ne a takarda, aka karɓe shi tare da yawancin masu zanensa, wannan ne ma ya sa aka ƙirƙiro Mickey. Sai a 2006 kamfanin Disney ya dawo da haƙƙin Oswald, ta wata musaya da ba a saba ji ba: ya saki mai sharhin wasanni Al Michaels ya koma gidan talabijin na NBC, wanda yake kamfani ɗaya da Universal, shi kuma Disney aka ba shi zomo. To haƙƙi ya dawo, amma fina-finan fa? Da dama daga cikinsu ba wanda ya san inda suke.

A 2011 aka ga Hungry Hobos a wani rumbun fina-finai mai zaman kansa a Herefordshire ta Ingila. A 2014 ma'aikatan Laburaren Ƙasa na Norway, a rumbunsu da ke Mo i Rana can kusa da yankin ƙanƙara, suka gano Empty Socks na 1927. Da farko an rubuta shi ne a matsayin fim ɗin kyanwar nan Felix, kuma kafin wannan lokaci abin da aka sani ya rage daga cikinsa bai kai rabin minti ba. A 2015 wani mai bincike yana duba jerin kayan Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya a intanet ya ci karo da Sleigh Bells, wanda ya shafe shekaru yana ajiye a can.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 2018. Yasushi Watanabe, masanin tarihin zane mai motsi a Japan, ya sayi wani ɗan zaren fim a Osaka yana ɗan makarantar sakandare, kusan shekara 70 kafin nan, a kan yen 500. Sunan da ke jikinsa na Mickey ne. Sai da ya tsufa, yana karanta wani littafi kan fina-finan Oswald da suka ɓace, ya gane cewa abin da ke gidansa Neck 'n' Neck ne na 1928. Minti biyu ne kawai, taƙaitaccen kwafi da aka yi don kallon gida.

Akwai dalilin da ya sa ake samun su nesa da inda aka yi su. Kwafin fim yana bin layi ne daga gari zuwa gari, daga ƙasa zuwa ƙasa, in ya kai ƙarshen layi kuɗin mayar da shi ya fi darajarsa, sai a bar shi nan. A hanya kuma ana sauya masa suna da harshe, shi ya sa yake kwana cikin rumbu shekaru ba a san ko wane ne ba. Sannan akwai ƙananan zaren kallon gida, mai milimita 9.5 da kamfanin Pathé ya fitar a 1922 da mai milimita 16 na Kodak a 1923, waɗanda ba na naitiret ba ne. Katun da yawa ta wannan ƙofa kaɗai suka tsira, a hannun mutanen da suka saye su don sha'awa. Namakura Gatana na 1917, ɗaya daga cikin mafiya tsufan katun na Japan da suka rage, a hannun mai sayar da tsofaffin kaya a Osaka aka same shi.

Me mai gyara yake yi a zahiri?

Rabin aikin cigiya ce. Mai gyara yana neman nagetif na asali, wanda ya fito daga cikin kyamara. In babu, sai mafi kusa da shi. Yakan tara kwafi uku ko huɗu daga ƙasashe daban-daban, wannan hotonsa ya fi kyau amma ba shi da farko, wancan cikakke ne amma duk ƙarce, ya jera su yana gwadawa hoto bayan hoto. Katun mai magana yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, ke nan na minti bakwai yana da hoto 10,080.

Kafin na'ura ta taɓa zaren, sai an bi shi da hannu an ɗinke ramukan gefensa da suka yage, an sake liƙe mahaɗa, an wanke shi. Daga nan a sa shi a sikana mai ɗaukar kowane hoto ɗai-ɗai. Wasu sikanonin suna ratsa zaren ta cikin wani ruwa da yake cike ƙarcen, haske ya wuce kamar babu shi. Sai aikin kwamfuta: daidaita rawar hoto, cire ƙura, gyara haske.

A nan katun ya bambanta da fim ɗin mutane, kuma a nan ake yawan ɓarna. Manhajar da take cire ƙarce an koya mata ne cewa duk siririn layin da ya bayyana a hoto ɗaya ya ɓace a na gaba datti ne. To ai katun gaba ɗayansa siririn layi ne da yake sauya wuri daga hoto zuwa hoto. In aka sake mata mara sai ta cinye gashin baki, ta cinye yatsu, ta cinye layin ruwan sama, garin neman gira a rasa ido. Tarin fina-finan Betty Boop, wata budurwar katun ta shekarun 1930, da aka fitar a 1996 ya sha suka a kan wannan. Shi ya sa masu aikin kirki suke kashe aikin kai-tsaye na manhajar su bi hotunan da idonsu.

Akwai kuma maganar gudu. Fim marar magana ba shi da gudu guda, da hannu ake juya kyamara da majigi, sau da yawa ƙasa da 24. In aka haska shi da gudun fim mai magana sai komai ya riƙa zabura, mutane su ɗauka haka aka yi shi. Sannan akwai ɓarnar talabijin: a tsakiyar shekarun 1950 Paramount ta sayar da gajerun fina-finanta, ciki har da na gidan Fleischer, masu Betty Boop, ga kamfanonin da ke kai wa tashoshi kaya. Su kuma suka yanke allunan suna na farkon fim, wani lokaci daga jikin nagetif ɗin kansa, suka liƙa nasu. Mai gyara na yau sai ya je neman allon asali a wani tsohon kwafi da ya tsallake wannan almakashi.

Rigimar launi

Shafa wa katun launi ba sabon abu ba ne. A ƙarshen shekarun 1960, da talabijin mai launi ta kankama a Amurka, an aika katun na Looney Tunes sama da 70 zuwa Koriya ta Kudu aka sake zana su da launi ta hanyar bin sawun layi. Don a rage kuɗi aka riƙa tsallake hotuna, motsi ya yi tauri, rubutun bango ya karkace. An yi wa Betty Boop haka a farkon shekarun 1970, aka yi wa Popeye a 1987. Yara da dama sun taso da waɗannan kwafi suna zaton masu zanen da can ba su iya aiki ba.

Masu goyon bayan launi suna da hujja, kuma bai kamata a watsar da ita ba. Sun ce yaron yau ba zai tsaya kallon baƙi-da-fari ba, fim ɗin da ba a kallo kuwa da shi da ɓatacce ɗaya ne. Masu adanawa suna amsawa da cewa mai zanen ya san ba shi da launi, don haka ya gina aikinsa a kan baƙi da fari da toka-toka, ya san inda zai sa duhu don ido ya bi. Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wa matsalar nauyi, don ba launi kaɗai take ƙarawa ba. In aka ce ta mayar da fim hoto 60 a daƙiƙa, hotunan tsakiya ƙirƙiro su take yi. Mai zane kuwa da gangan yake riƙe zane ɗaya na tsawon hoto biyu, ko ya yi tsalle daga wannan tsayuwa zuwa waccan, a nan dariyar take. In aka cike wannan gurbi, motsin ya zama santsi marar ƙashi.

Kada a ɗauka ƙa'idar ita ce ƙin launi. Dogon fim na zane mafi tsufa da ya rage a duniya shi ne na Yarima Ahmed da Lotte Reiniger ta kammala a Jamus a 1926, daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, da inuwar siffofin da ta yanka da almakashi. Shekaru ana kallonsa baƙi-da-fari, alhali tun asali an rina zarensa da shuɗi da rawaya da ja, kowane fage da nasa. Nagetif ɗinsa ya salwanta a yaƙin duniya na biyu, amma wani kwafin naitiret mai rini ya tsira a Landan, kuma da shi aka maido da launin a gyaran 1999. A nan launi shi ne gaskiya. Ma'aunin ke nan: me mai aikin ya yi? Wanda yake son ya shafa nasa launin ya shafa, amma ya rubuta cewa nasa ne, kada ya kira shi gyara.

Zanen da ya ci mutuncinmu

Duk Ba'afirken da ya zauna kallon katun na shekarun 1930 zai ci karo da abin da zai ɓata masa rai. Baƙar fata da leɓe kamar faifai, ƙashi a hanci, tukunya a wuta ana shirin dafa baƙo. Trader Mickey na 1932 haka ya nuna Afirka. A wannan shekarar gidan Fleischer ya sa Louis Armstrong, gwanin kiɗan jaz, a wani katun inda kansa yake rikiɗewa ya zama na mai cin naman mutane. A 1968 kamfanin United Artists ya janye katun 11 na kamfanin Warner daga talabijin saboda irin wannan.

Wasu suna cewa a bar irin waɗannan su ruɓe. Na fahimci zafin, amma ban yarda ba. In suka ɓace, hujjar abin da aka koya wa yaran duniya game da mu ta ɓace tare da su, kamfanonin kuma su fito da tarihi wankakke. A adana su cikakku, a nuna wa manya da ɗalibai tare da bayani, kada a jefa su cikin jerin kallon yara. Iyaye su lura da wannan: tunda haƙƙin mallaka yana ƙarewa, kowa yana iya tara su a tashar yara ba tare da ya tace ba.

Wa yake biya?

Rumbun da ya dace tsada gare shi. Laburaren Majalisar Amurka yana da ɗakunan naitiret 124 a Culpeper ta jihar Virginia, Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya kuma tana ajiye nata a Gaydon cikin sanyin digiri 5 ƙasa da sifili. Manyan kamfanoni suna gyara abin da zai sayu. Sauran, na gidajen da suka mutu tun tuni, sun rataya ne a wuyan mutane ƙalilan: Steve Stanchfield da kamfaninsa Thunderbean a Michigan, Tommy José Stathes a New York, da Jane Fleischer Reid, jikar Max Fleischer, da ta jagoranci maido da ayyukan kakanta. Sau da yawa kuɗin daga masu sha'awa yake fitowa ta hanyar karo-karo.

Ƙarewar haƙƙin mallaka tana yi musu amfani, don ba sai sun nemi izini ba. Tana kuma cutar da su: mutum ya yi watanni yana gyara, washegarin fitowarsa wani ya kwafe ya ɗora kyauta.

Namu fa?

Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin na farko-farkon da suka yi zane mai motsi a Afirka kudu da Sahara. Ya yi aiki da Bafaranshe mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya ƙaro ilimi wajen gwanin zane mai motsi Norman McLaren a Kanada, ya zauna shekaru a Tawa. Bon Voyage Sim na 1966, katun ɗinsa na baƙi-da-fari mai minti biyar, labarin shugaban ƙasar kwaɗi ne da ya tafi ziyarar aiki da duk shagalinta. Gidan tarihin MoMA na New York ya shirya bikin nuna ayyukansa a 2017. Yara nawa ne a Maraɗi ko Kano suka taɓa ganinsa?

Yanayinmu na zafi da laimar damina shi ne mafi muni ga zaren fim. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976, ba katun ba ne, amma hanyar ɗaya ce: an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka tsinci faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi da haɗin gwiwar cibiyar Arsenal ta Jamus, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Gwangwanayen zamanin majigi suna nan a tsofaffin ofisoshin yaɗa labarai da gidajen sinima da aka rufe da ɗakunan ajiya na iyalai. Wanda ya ci karo da irinsu kada ya sa su a majigi don ya ga abin da ke ciki, tsukakken zare yagewa yake yi. Ya duba gefen zaren: in mai faɗin milimita 35 ne kuma an buga NITRATE a jiki, ya nisanta shi da wuta da rana. In warin tsami ya ji, ya ware wannan gwangwani daga sauran, don tururinsa yana kama na kusa. Ya ɗauki hoton rubutun da ke kan murfi, ya ajiye kayan a wuri mafi sanyi da bushewa da yake da shi, sannan ya tuntuɓi rumbun adana fina-finai na ƙasa da ke Jos.